Mijina ya sha dafa Alƙur'ani zai bar giya yana komawa, ƙungiyar AA za ta iya taimakonsa?

Wa alaikumus salam 'yar uwa, Allah Ya ba ki ladan haƙuri. Na karanta saƙonki tsaf. Kin ce maigidanki ya fi shekara goma yana sha, da can giyar kwalba ce a ɓoye, yanzu da kuɗi suka ja baya ya koma goskolo, wato giya mai ƙarfi da ake haɗawa a gida, da giyar 'yan leda ɗin nan, ya dafa Alƙur'ani a gabanki da gaban yayansa ba sau ɗaya ba, an kai shi wajen malami an yi rubutu an yi tofi, ya yi wata biyu lafiya lau sai kuma ya koma. Sannan wata ta ba ki labarin ƙungiyar Alcoholics Anonymous, wadda ake ce wa AA, kina tambaya wai coci ce, da gaske tana aiki, kuma ta yaya za ki sa shi ya shiga. Ni nas ce a ɓangaren lafiyar ƙwaƙwalwa da shaye-shaye nan Jos, na daɗe ina wannan aikin, toh ga abinda na sani.

Kafin mu je kan AA akwai abinda ya fi ta gaggawa, dan Allah ki riƙe wannan ko da za ki manta sauran. In maigidanki ya kai matsayin da da safe hannunsa ke rawa, sai ya ɗan kurɓa kafin ya iya riƙe kofin shayi, to kar ya yanke sha rana ɗaya a gida. Na san zai miki banbarakwai, kin shekara kina roƙon Allah ya daina ga wata tana cewa kar ya daina yau, amma abin na jiki ne. Giya danne ƙwaƙwalwa take yi, ita kuma ƙwaƙwalwa in aka daɗe ana danne ta sai ta ƙara ƙarfin aikinta dan ta daidaita, ranar da aka janye giyar gaba ɗaya sai wannan ƙarfin ya rasa mai tare shi. Tsakanin awa 6 zuwa 24 da shan ƙarshe ake fara rawar jiki da gumi da amai da rashin barci, zuciya na dukan uku-uku, cikin kwana biyun farko wani sai ya yanke jiki ya faɗi yana jijjiga kaman mai farfaɗiya, daga kwana na biyu zuwa na huɗu kuma wasu ke shiga ruɗewa mai tsanani, zazzaɓi, ganin ƙwari ko macizai a bango, bai san inda yake ba. Wannan matakin yana kisa wallahi. Kuma a nan ne dangi ke cewa aljanu ne a tafi ruƙiyya, alhali mutumin ƙarin ruwa yake buƙata da allura. A asibiti ana kwantar da shi 'yan kwanaki, a ba shi maganin da ke kwantar da ƙwaƙwalwar ana rage masa a hankali, a yi masa allurar bitamin B1 sabida mashayi kusan kullum yana da ƙarancinsa kuma rashinsa na lalata tunani har mutum ya daina riƙe abinda aka faɗa masa yanzu, a duba hanta da hawan jini. Asibitin koyarwa na Jami'ar Jos, wato JUTH, da ke Lamingo na da sashen likitocin ƙwaƙwalwa, akwai kuma asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya a Barnawa Kaduna in kuna son nesa da idon unguwa. Shi goskolo ma ƙarin haɗari ne da shi, ba wanda ya san me aka zuba a ciki, irin giyar da ake haɗawa a gida takan zo da sinadarin metanol da ke makantar da mutum.

Amma asibiti cire giya daga jini kawai yake yi, sati ɗaya an gama. Abinda ke wahala shi ne ranar da aka sallame shi ya dawo unguwa, abokan nan suna nan, mai sayarwa na nan a lungun da ya saba, bashin da ake binsa na nan. A wannan gaɓar ce AA ke da amfani.

Game da rantsuwar da ya sha yi, ni ban ɗauka ƙarya ya miki ba. Lokacin da ya dafa Alƙur'anin nan har zuciyarsa yake nufi. Matsalar ita ce kusan kullum bayan abin kunya ake sa mashayi rantsuwa, a gaban mutane, kuma a ce har abada. Sai a watse a bar shi shi kaɗai da ƙishin da ba wanda ya san girmansa a gidan. Ranar da ya karya, sai laifin ya zama biyu, ga giya ga rantsuwa, ba kuma wanda zai iya tunkara ya ce jiya na sha, sai ya ƙara nutsewa cikin ɓoyo, kunyar ta ishe shi, abinda ya sani yana kashe kunya na 'yan awanni kuma shi ne giyar. A unguwannin da ake dafa burkutu a fili matsalar wani iri ce, kowa na sha har ba a saurin gane wanda ya wuce gona da iri, a namu unguwannin kuwa ɓoyon ne ke cinye mutum, yana sahun gaba a masallaci da alawar minti a baki, shekara goma ba wanda ya taɓa yi wa maganar gaskiya.

Kan wannan kaɗaicin aka kafa AA. A 1935 ne, a garin Akron na jihar Ohayo a Amurka. Wani ɗan kasuwar hannun jari daga New York, Bill Wilson, wanda giya ta gama da aikinsa, ya samu 'yan watanni bai sha ba, ya je Akron harkar kasuwanci abin ya rushe, yana otal shi kaɗai ga mashaya a gefe, ya ji in bai samu wani mashayi ya yi magana da shi ba to zai koma. Ya dinga buga waya har aka haɗa shi da wani likitan tiyata, Dakta Bob Smith, shi ma giya ta kusa kashe masa aiki. Likitan ya ce minti 15 kawai zai ba shi, suka ɓige da hirar awanni. Abinda ya kama likitan shi ne mutumin nan bai zo masa da wa'azi ba, labarin kansa ya ba shi, kuma ya faɗa masa a fili dan ceton kansa ya nemo shi. Ki kuma lura, Dakta Bob ya sake buguwa bayan wannan haɗuwar kafin ya daina kwata-kwata a watan Yuni na shekarar, bai ƙara sha ba har ya rasu a 1950. A 1939 suka fitar da littafinsu mai ɗauke da matakai 12, daga nan abin ya yaɗu duniya.

Yadda zaman yake ba wani abin mamaki a ciki. Mutane ne su zauna kaman awa ɗaya, dukkansu mashaya, wani kwanansa uku da dainawa wani shekara ashirin. Sunan farko kawai ake faɗa, ba rajista, ba fom, ba kuɗin shiga. Mutum ya yi maganarsa, yadda yake da, me ya faru, yadda yake yanzu, ba mai katse shi ba mai yi masa faɗa, wanda bai son magana ya yi shiru ya saurara. Sabon zuwa yana zaune sai ya ji wani dattijo mai mutunci na ba da labarin yadda ya ɓoye kwalba a tankin bayi, ya sayar da buhun masarar gida, ya rantse wa uwarsa ya karya, wato sak abinda shi yake zaton shi kaɗai ya taɓa yi a duniya. Ni nas ce, zan iya zayyana wa mutum abinda giya ke yi wa hanta dalla-dalla ya gyaɗa kai, amma a ransa yana cewa ke me kika sani. Wanda ya kwana a kwata ya tashi kuwa, mashayi ba ya iya ce masa haka, ba kuma ya iya yi masa ƙaryar da yake miki, dan shi ma ya yi ta.

Ba sa cewa ka rantse har abada. Cewa suke yau kaɗai, awa 24 ɗin nan kar ka ɗauki kurɓin farko, gobe in Allah Ya kai mu a sake. Kurɓin farko suke tsoro sabida sun san mashayi na gaske in ya fara ba shi ke tsayar da kansa ba, shi ya sa maganar zan rage, sai ranar Asabar kawai, ba ta ci a wajensu. Ana ba sabo lambobin waya, ya kuma zaɓi mutum ɗaya da ya daɗe da dainawa ya zama jagoransa, namiji ga namiji mace ga mace aka fi so, wanda zai kira ko ƙarfe biyun dare ne in ƙishin ya taso. Ƙishin nan tasowa yake ya kai ƙololuwa ya sauka, in aka samu wanda ya riƙe mutum da hira har ya wuce to an ci wannan daren. Sukan shawarci sabo ya yi ta zuwa zama kullum a watanni ukun farko, shawara ce dai ba doka ba.

Matakan 12 kuwa, na farko shi ne mafi wuya, mutum ya yarda da bakinsa giya ta fi ƙarfinsa kuma rayuwarsa ta kuɓuce masa. Namiji Bahaushe ya ce abu ya fi ƙarfinsa, kin san ba ƙaramin aiki ba ne. Sai ya yarda akwai Wanda Ya fi shi ƙarfi da zai iya dawo da shi hayyacinsa, ya miƙa lamarinsa gare Shi. Daga nan sai aikin biro da takarda, ya zauna ya rubuta halinsa ba sani ba sabo, wa yake riƙe da shi a zuciya, me yake tsoro, wa ya cuta, ya karanta wa mutum ɗaya amintacce, ya roƙi Allah Ya raba shi da waɗannan halayen. Mataki na 8 da na 9 su ne za su shafe ki kai tsaye, zai jera sunayen duk wanda ya zalunta ya je ya gyara, bashi a biya, abinda aka ɗauka a mayar, sai dai in zuwan zai ƙara cutar da mutumin ko wani. Ba ki yafe min ta fatar baki ba, wadda na tabbata kin ji har kin gaji. Sauran matakan na ci gaba ne, binciken kai kullum, addu'a, na ƙarshe kuma ya koma ya taimaki wani mashayin, kuma mutanen AA za su ce miki wannan na ƙarshen ne ke riƙe su shekara da shekaru.

Toh batun coci. Gaskiya asalinta daga cikin Kiristoci ta fito, waɗanda suka kafa ta sun fara ne a wata ƙungiyar Kirista mai suna Oxford Group kafin su ware, kuma har yau a wurare da yawa ɗakin coci suke haya su yi zama, wasu rukunan ma da addu'ar Kirista suke rufewa. Ban ɓoye miki wannan ba. Amma a ƙa'idarsu ba ta ƙarƙashin wani addini ko ɗariƙa, ba mai tambayar mutum addininsa, kowa da Ubangijin da ya sani, Musulmi Allah yake nufi in ya zo waɗannan matakan, addu'ar da ba tasa ba kuma ya yi shiru ba mai tilasta shi. Musulmi a Amurka ma sun kafa tasu a kan wannan tsarin a 1989 a birnin Baltimore, Millati Islami sunanta, suka daidaita matakan da Alƙur'ani da sunna. In kika duba sharuɗɗan tuba da muka koya a Islamiyya, barin laifin, nadama, ƙudurin rashin komawa, mayar da haƙƙin mutane, za ki ga ba baƙon abu ba ne a wajenmu. Inda Musulmi kan yi turus shi ne faɗa wa wani laifinka alhali an ce wanda Allah Ya rufa wa asiri kar ya tona kansa. A fahimtata hanin yana kan mai bayyana saɓo yana tinƙaho da shi, wanda ya faɗa wa mutum ɗaya a asirce dan neman magani hukuncinsa na mai gaya wa likita ciwonsa ne, kuma wanda aka faɗa wa ba shi ke yafe zunubi ba, ba wanda ya ce haka. In zuciyarsa ba ta kwanta ba ya tambayi malamin da ya yarda da shi.

Akwai kuma hadisin da nake so dangin maigidanki su ji, yana cikin Bukhari. Wani sahabi da ake wa laƙabi da Himar an sha kawo shi gaban Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, kan shan giya, rannan wani ya tsine masa yana mamakin yawan kawo shi da ake yi, sai Annabi ya hana tsinuwar ya ce mutumin yana son Allah da Manzonsa. An hukunta shi, ba a halatta masa ba, amma ba a fitar da shi daga cikin jama'a ba. Mu yau mashayi ko gaisuwarsa ba a son amsawa, sai mu tura shi wajen mutanen da su kaɗai ke maraba da shi, wato abokan sha.

Ban da matakan suna da wasu ƙa'idoji 12 na tafiyar da ƙungiyar, waɗanda suka amince da su a 1950, kuma ni a ganina su suka sa ta kai yau ba ta wargaje ba. Sharaɗin shiga ɗaya ne tak, mutum yana son ya daina sha, ko jiya ya bugu in ya dawo kujerarsa na nan. Ba shugaba mai mulki, hidima ce ake karɓa-karɓa. Ba sa karɓar kuɗin kowa daga waje, ba na gwamnati ba na ɗan siyasa ba na attajiri, ɗan abinda suka jefa a jaka shi ke biyan ɗaki da shayi, dan haka duk wanda ya ce ki kawo dubu kaza ya sa mijinki a AA ki san ba AA ba ce. Ba sa tsoma baki a rigimar da ba tasu ba, siyasa ko addini ko ƙabila, kuma a gari irin Jos da rikicin 2001 da 2008 da 2010 ya raba mana unguwanni, ɗakin da ɗan Anguwan Rogo ta Musulmi da ɗan Kabong ta Kiristoci za su zauna ba abinda ya haɗa su sai neman tsira daga kwalba ba ƙaramin abu ba ne. Sai sirri, wanda aka gani a ɗakin da abinda aka ji a ɗakin nan ake barinsa. Ga mai iyali da ke tsoron a ce 'ya'yan mashayi ne a fasa auren 'yarsa, in ba wannan sirrin ko ƙofar ba zai leƙa ba.

Tana aiki? Tana yi, amma ba ga kowa ba. A 2020 cibiyar Cochrane, masu tace binciken likitanci, sun haɗa bincike 27 da ya shafi mutum 10,565, suka ga waɗanda ma'aikatan lafiya suka bi tsari suka haɗa su da AA kusan 42 cikin 100 sun cika shekara ba su kurɓa ba, waɗanda aka bi da su ta wasu hanyoyin nasiha na asibiti kuma kusan 35. Ki dubi lambar da kyau, ko a can ɗin fiye da rabi sun sake sha cikin shekarar. Ciwo ne mai dawowa, komawa sau ɗaya ba ta nufin an yi asarar watannin baya, abin dubawa shi ne ya ɓoye ko ya kira jagoransa washegari. Kuma AA ba asibiti ba ce, ba ta ba da magani. Akwai ƙwayoyin da likita ke rubutawa masu rage ƙishin giya irin naltirekson, akwai mashaya da yawa da ciwon damuwa ne a ƙarƙashin shan nasu, in ba a yi maganinsa ba zama ɗari ba zai wadatar ba. In wani a zaman ya ce masa ya bar maganin likita kar ya saurara, ba koyarwarsu ba ce.

Yadda zai same su, ku fara tambayar likita ko ma'aikacin walwala a sashen ƙwaƙwalwa inda aka kwantar da shi, su suka fi sanin rukunin da ke zama a lokacin. Akwai kuma zama ta Zoom dare da rana daga ƙasashe daban-daban, in yana jin Turanci zai iya shiga da wayarsa ya kashe kyamara ya saurara kawai, littafin nasu ma ana karanta shi kyauta a shafinsu na intanet. A ƙa'idarsu kuma mashaya biyu ko uku da suka haɗu dan su daina sun isa su kira kansu rukunin AA matuƙar ba su jingina da wata ƙungiya ba, kin ga ke nan ba abinda ya hana a yi zama da Hausa a wani ajin makaranta da yamma in an samu wanda ya ɗan daɗe da dainawa ya riƙe.

Sai tambayarki ta ƙarshe, yadda za ki sa shi ya je. 'Yar uwa ba za ki iya sa shi ba, kuma wannan ne ya fi min ciwon faɗa. Ba ke kika jawo masa ba, duk abinda dangin miji za su ce, ba kuma ke za ki warkar da shi ba. Matar Bill Wilson ɗin nan, Lois, ita da wata suka kafa Al-Anon a 1951 dan iyalan mashaya, sabida sun ga matan ma sun jigata suna buƙatar nasu zaman, su ma ana samunsu ta intanet. Abinda ke hannunki shi ne ki daina tare masa sakamakon shansa. Kar ki ƙara kiran ogansa ki ce maleriya ce, kar ki ƙara sayar da kayan ɗakinki ki biya bashin mai goskolo, duk ranar da kika share masa hanya kin ɗage ranar da zai ga inda ya kai kansa. Magana kuma da safe ake yinta yana cikin hayyacinsa, ba gori ba tara jama'a, ki faɗi abinda kika gani da idonki, ki ce kin ji tsoro, ki ce ga asibiti ga kuma mutanen da suka bi ta inda ya bi, za ki raka shi. In za a sa wani a ciki a sa mutum ɗaya da yake jin nauyinsa kuma mai riƙe sirri, yayan nan nasa in kin yarda da bakinsa.

Abu biyu kar ki yi dan girman Allah. Kar ki karɓi wani magani ki zuba masa a abinci a ɓoye wai zai sa ya tsani giya, akwai wanda in ya haɗu da giya a jiki yake faɗar da jini ya taɓa zuciya, ana rasa rai a haka. Kar kuma ki yarda a kai shi gidan mari a ɗaure, kin tuna ɗaruruwan mutanen da 'yan sanda suka fitar daga wani gida a Rigasa Kaduna a 2019, wasu da sarƙa a ƙafa, ga kuma haɗarin yanke giya ba likita da na faɗa miki. In kuma yana dukanki ko yaran in ya sha, to wannan ba maganar haƙuri ba ce, ki kwashe su ku tafi gida tukuna, ana iya taimakonsa daga can. Ranar da ya sha kar yaro ya hau mashin ɗinsa ko motarsa ko da rigima za a yi.

In ya amince zai je asibiti, ku tafi da safe, kuma ki gaya wa likita gaskiyar adadin da yake sha a rana, wane iri, da lokacin da ya yi shan ƙarshe, da ko ya taɓa faɗuwa yana jijjiga, da ko yana haɗawa da tiramol ko maganin tari, dan maigidanki zai rage lissafin, kuma da wannan bayanin ne ake auna maganin da za a ba shi. Allah Ya ba shi lafiya, Ya sanyaya miki.